Makarantar da Ba Ta Bin Shanu

A Amurka wasu iyalai sun mayar da mota gida, suna yawo, suna koyar da 'ya'yansu a hanya. Mu 'ya'yan ruga mun san wannan rayuwa, sai dai gidanmu a bayan jaki yake. Da damina mu haura Nijar ta Birnin Ƙonni, da rani mu gangaro Illela.

Allo ya bi mu ko'ina, don ba shi da nauyi, kuma baffanmu ne malamin. Boko ne ya ƙi tafiya. A Ƙonni Faransanci, a Illela Turanci, kuma kafin jarrabawa mun tashi. A 1989 Najeriya ta kafa Hukumar Ilimin Makiyaya, amma aikinta a kan iyaka ya tsaya, shanu kuwa ba su san iyaka ba.

Daga ƙarshe aka raba mu: biyu a gari wurin goggo, uku bayan shanu. Yau da kwamfuta muke ci, su kuma sai sun nemi mai karanta musu takardar maganin dabbobi.

Shi ya sa darussan da muke haɗawa a waya na murya ne, ba sa buƙatar intanet. 'Ya'yansu suna can daji, ba ma so a sake raba gida saboda karatu.