Mutumin Karaye a Bakin Kusugu

Ɗaurin auren wani abokin kasuwancinmu ne ya kai ni Daura. Daga Karaye zuwa Kano ba abin faɗa, haka ma hanyar Kazaure, sai dai tun daga Ɗambatta ƙasa ke sauya launi. Wanda ya saba da gonakin Rogo, inda masara ke shanye mutum har ya ɓace, in ya ga rairayi fari fat da gero da itatuwan gawo jefi-jefi, dole ya jinjina wa manoman can.

Masaukin da aka kama mana kuwa, Allah ya kyauta. Fanka na juyi kamar wadda aka yi wa dole, sauro ya kwana yana hidimarsa, bokitin banɗaki kuma ƙaf. Yaron da ke kula da wurin ya ce, "Yallaɓai, yanzun nan mai ruwa zai zo." Har aka kira assalatu mai ruwa bai zo ba, sai a masallacin unguwa na yi alwala. A garin da rijiya ta yi wa suna ke nan!

Ana shafa fatiha abokan tafiya suka nufi walima, ni na sulale. Wani mai adaidaita ya tsaya, tun ban buɗe baki ba ya ce, "Gidan Baba Buhari ne, Alhaji?" A can aka binne marigayin a watan Yulin 2025. Na ce a'a, rijiyar Kusugu zan je, kuma da ƙafa. Ya dube ni, ya dubi rana, ya ja abinsa.

Tsohon gari sai da ƙafa. Lunguna ne masu lanƙwasa, zaurukan ƙasa da azara da indararo suna kafaɗa da kafaɗa da ginin bulo, dattawa kan dakali, kowa ka yi wa sallama sai ya tambaye ka mutanen gida. Duk yaron da na tambaya hanya ya san ta, wani har ya rako ni.

An kewaye rijiyar da gini an rufe samanta. Da na leƙa, sai da na yi dariya a zuci. Bakinta bai fi na rijiyar tsakar gida ba. Mu da muke da madatsar Challawa a ƙasar Karaye, wadda tun 1992 take tare ruwan da ido ba ya ganin ƙarshensa, ga shi wannan 'yar rijiya ta fi ta suna nesa ba kusa ba. Mai kula da wurin ya zura guga ya jawo, ya miƙo mini a kofi. Ruwa mai sanyi, na sha na ƙara.

Sannan ya karanto labarin da muka haddace tun firamare, amma jin sa a bakin rijiyar daban ne. Macijin da ake kira Sarki, wanda ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Baƙo Bayajidda da ya sauka gidan tsohuwa Ayana cikin dare ya nemi ruwa babu. Yadda ya sare kan macijin ya tafi da shi, ya bar takalmi ɗaya, masu ƙaryar jarumta suka cika fada da safe. Daga nan aurensa da Sarauniya Daurama, da haihuwar Bawo, wanda 'ya'yansa suka yi sarautar Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Rano. Na tare shi na ce, "Malam, ka tsallake wuri ɗaya. Wuƙar ai maƙeran Gaya ne suka ƙera masa, ƙasar Kano." Ya ce, "Ku Kanawa ko a labarin mutane sai kun nemi kamasho." Masana tarihi dai suna ta musu a kan ko an yi Bayajidda ko labarin hoto ne na ƙarewar mulkin sarauniyoyi da zuwan sabbin masu mulki. A bakin Kusugu ba wanda ke wannan musun, ni ma ban tayar ba.

Daga nan na taka zuwa ƙofar fada. Ban nemi shiga ba, na tsaya kallon ginin da dogarai cikin ja da kore. Wani dattijo mai ɗinkin hula a wani zaure can gefe ya hango ni ina share gumi ya ce, "Ɗana, zo ka zauna, rana ba ta san baƙo ba." Ya aika jikarsa cikin gida, sai ga fura damammiya da nono a ƙwarya, da ludayin duma. A gero kam na sallama musu.

Shi ya warware mini zaren sarautar. Lokacin jihadi Malam Isiyaku ya ci Daura, sarakunan Haɓe suka fice, zuriyarsu ta zauna Zango da Ɓaure, sai farkon zuwan Turawa aka maido da gidan ta hannun Sarki Musa. Ya lissafo Abdurrahman, da Muhammadu Bashar da ya yi daga 1966 zuwa 2007, da Umar Faruk Umar da ya gaje shi, ko numfashi bai ja ba. Sai ya ce, "Ku fa, yaya ake ciki? Na ji an ba ku sarki, an karɓe, an sake ba ku." Gaskiyarsa. A 2019 aka ɗaga Karaye ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya, a 2024 aka rushe, aka dawo da ita mai daraja ta biyu da Karaye da Rogo a ƙarƙashinta.

Na ce, "Baba, ai Karaye ba jiya aka san ta ba. Tarihin Kano ya ambace ta tun zamanin Sarki Muhammadu Nazaki, lokacin da Wambai Giwa ya zauna a cikinta yana gwabzawa da Katsinawa." Ya ce, "To in na zo, me za ka nuna mini?" Nan na yi tsuru. Mu in baƙo ya zo, dam muke kai shi ya ci soyayyen kifi. Yaranmu sun san Ayana, Wambai Giwa kuwa sai ɗaiɗaiku.

Ya so in kai Tsohon Birni, inda aka ce nan ne mazaunin farko kafin Daurama ta taso, amma wajen gari ne kuma ƙafata ta gaji. Ya ce in dawo da Sallar Gani in ga hawa. Na yi masa alheri ya ƙi karɓa, har ya ɓata rai. Bayan la'asar na nufi tasha, na tarar motar Kano saura mutum biyu, direba kuma ya ƙara kuɗi wai don yamma ta yi.