Ranar da kyamarar Kawu ta faɗi a Dutsen Dala

Da hantsi muka isa gindin Dutsen Dala, mu 'yan ƙungiyar jarida ta makarantarmu tare da Malam. Ni ke rataye da kyamara, kuma ba tawa ba ce. Ta Kawu ce, da ita yake ɗaukar hoton biki da suna, da ita yake ciyar da gidansa. Kwana uku na yi ina magiya kafin ya ba ni aro, bisa sharaɗin ta dawo kafin Asabar, domin yana da ɗaurin aure.

Wanda bai taɓa hawa Dala ba ya daure ya je. Akwai matattakala har sama, amma gwiwa sai ta gaya maka. Kana kaiwa sai ka ga Kano a shimfiɗe kamar tabarma, ga Goron Dutse can gefe, ga hasumiyoyin Babban Masallacin cikin gari. Malam ya ce tsayin dutsen mita 534 ne daga doron teku, kuma tun ƙarni na 7 akwai masu narka tama a wurin. Yana cikin ba mu labarin Barbushe da Tsumburbura na cire igiyar kyamarar daga wuyana don in gyara hijabi. Sai ji na yi ƙwas! Ta faɗi ta baki a kan marmara.

Jikina ya yi sanyi. Gilashin gaba ya tarwatse kamar gizo-gizo ya yi saƙa. Na kama bakin hijabina zan goge, Malam ya daka min tsawa: "Ke, kada ki goge! Ɓurɓushin nan zai karce na ciki." Ya sa na kashe ta, na zare batir da memori, na kifa ta a hankali tarkacen ya zube. Ya hana kowa murɗa zoben da ke jawo hoto kusa, ya ce in wani abu ya goce a ciki, tilasta masa shi ke ƙarasa shi. A hankici muka naɗe ta muka sauko, ban ƙara kallon gari ba.

Da na faɗa wa Kawu ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Ke dai ba ki ji ciwo ba ko?" Wallahi gara a ce duka na ya yi.

Washegari muka je wurin wani mai gyara a Sabon Gari. Ashe abin da ya fashe gilashin kariya ne, wanda ake ɗaurawa a gaban idon kyamara. Zobensa ya lanƙwashe, sai da aka yanka shi da filaya. Mai gyaran ya hure ƙura da 'yar robar iska, sannan ya manna jarida a bango ya ɗauke ta hoto. Ya ce in rubutun gefe ɗaya ya fito dishi-dishi alhali ɗaya gefen tar yake, to gilasan ciki sun kauce, aiki ya zama babba. Muka zuba wa allon ido. Gefe da gefe duk tar, sai wani ɗan karce da ya ce ba zai nuna ba sai in an fuskanci rana.

Asusuna na fasa na sayi sabon gilashin kariya, Kawu ya cika min sauran. Hoton ƙarshe da ke cikin memorin kuwa, na Malam ne yana nuna Goron Dutse da yatsa, rabin kansa a yanke.