Keken Aiki da Kafaɗata

Hausawa sun ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ban musa ba, amma na ga inda ake fakewa da wannan magana a rufe sakaci.

A wani dogon hutu na sami aikin wucin gadi a wani gandun daji da baƙi ke zuwa shaƙatawa. Aka ba ni keke, aikina in wuce gaba in duba hanya kafin baƙi su biyo. Tun ranar farko na lura birkin baya ba ya ci, robarsa ta cinye. Na gaya wa shugabanmu, ya ce, "Samari, lallaɓa kafin a sayo." Hular kwano kuwa baƙi ake ba, mu sai wadda muka zo da ita daga gida.

Ran nan ina cikin gangara sai gwaggon biri ya gitta. Na damƙe birkin gaba. Wanda ya san keke ya san sauran: tayar gaba ta tsaya cak, ta baya ta ɗaga, na wuntsila na sauka bisa kafaɗa. Ƙashin da ya haɗa wuya da kafaɗa ya karye. Mako 8 na yi da hannu a rataye, aka koma karatu ba ni, kuɗin magani kuma mahaifina ya biya.

Da abokan aiki suka zo dubiya, kowa ya nuna mini nasa tabon, wannan a gwiwa, wancan a wuyan hannu. Ba ko ɗaya da aka rubuta a littafi. Duk sunansa tsautsayi.

Daga baya ne na san cewa dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta haɗa har da ɗan wucin gadi irina. Ma'aikaci zai sanar da ubangidansa raunin cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto cikin kwana 7. Na yi shiru saboda jahilci da kunya, har lokaci ya wuce.

To, 'yan'uwa ɗalibai masu neman aikin hutu, ku matsa birki kafin ku hau, ku nemi hula, in kun ji rauni ku sa a rubuta. Har yanzu, da sanyin hunturu ya shigo, kafaɗata kan tuna mini da 'yar robar da ba a sayo ba. Allah ya kiyaye.