Tseren Mita 400 na Erik Lidel

Idan masu son wasanni suka zauna lissafin manyan tseren gudu na duniya, sunaye da yawa sukan fito. Wani zai ambaci Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci tseren gudun fanfalaki a birnin Roma a shekarar 1960 ba takalmi a ƙafarsa. Wani kuma zai kawo Usain Bolt na Jamaika, wanda ya gama mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a Balin a 2009. Amma akwai wani tsere da aka yi a Faris ranar Jumma'a, 11 ga Yuli, 1924, wanda har yanzu ana ba da labarinsa, ko da yake masu gudu na zamanin nan sun wuce lokacinsa da nisa. Wanda ya ci tseren nan sunansa Erik Lidel.

An haifi Erik a birnin Tiyanjin na ƙasar Sin a shekarar 1902. Iyayensa mutanen Sikotilan ne, masu aikin bishara. Tun yana ƙarami aka kai shi makarantar kwana a Ingila, daga nan ya shiga Jami'ar Edinbara ya karanta kimiyya. Allah ya ba shi gudu. Ya buga wa Sikotilan ƙwallon zari-ruga, a 1923 kuma ya yi yadi 100 cikin daƙiƙa 9.7, lokacin da ba a taɓa yi ba a Biritaniya. Gudunsa ba shi da kyan gani. Yakan jefa kansa baya, bakinsa a buɗe, hannuwansa suna kaɗa iska kamar mai koran kaji. Duk da haka da wuya a sha gabansa. Saboda haka mutanen ƙasarsa suka sa rai shi zai kawo musu lambar zinariya ta mita 100 a wasannin Olamfik na Faris.

Watanni kafin wasannin sai aka fitar da tsarin kwanaki, aka ga zagayen farko na mita 100 ya faɗo ranar Lahadi. Erik ya ce ba zai yi gudu ran nan ba, gama ranar Ubangiji ce. Bai yi gardama ba, bai kuma zagi waɗanda za su yi ba. Ya janye sunansa kawai. Waɗansu suka ga kamar ya ci amanar ƙasarsa, aka matsa masa ya sake tunani, amma bai juya ba. Da wannan ya rasa tseren da ya fi gwaninta a kai, ya kuma rasa tseren miƙa sanda, domin su ma sun taɓa Lahadi. Sai ya koma shirin mita 200 da mita 400. A Faris abokin tafiyarsa Harold Abrahams ya ci mita 100, Erik kuwa ya sami tagulla a mita 200.

Mita 400 tsere ne mai wuya. Ya fi ƙarfin a kwashe shi da gudu ɗaya, bai kuma kai a yi shi da sassarfa ba. Masu gudu sukan rage ƙarfi a tsakiya domin su sami abin ƙarasawa. Ran ƙarshe mutum shida suka tsaya a filin Kolomb, Erik kuwa ya sami layin waje. Wanda ke layin nan yana farawa a gaban kowa, ba ya ganin abokan takararsa, balle ya auna gudunsa da nasu. Da aka harba bindiga sai ya tashi da dukan ƙarfinsa kamar mita 200 zai yi. Masana suka ɗauka zai gaji kafin ya kai kwanar ƙarshe. Maimakon haka sai ya jefa kansa baya yadda ya saba, ya ci gaba da ba su tazara. Ya tsinke zaren cikin daƙiƙa 47.6, lokacin da ba a taɓa yi ba a Olamfik. Horeshiyo Fic na Amurka ya zo na biyu, da ƴan mitoci tsakaninsu.

A nan ne mutane da yawa suke tsayar da labarin, su ce Allah ya sāka masa. To, gaskiya ce ya sami zinariya. Amma mai karatu ya lura: sa'ad da Erik ya ƙi gudun Lahadi, ba wanda ya yi masa alkawarin zai ci mita 400. Da ya zo na ƙarshe ma, da shawararsa ba ta rage daraja ba. Abin da ya yi bayan Faris shi ya nuna irin zuciyarsa.

A 1925, yana da shekara 23, suna da ɗaukaka suna hannunsa, sai ya koma Sin. Ya koyar a wata makarantar mishan a Tiyanjin, aka naɗa shi fasto a 1932, ya auri Filorens Makenzi ta Kanada a 1934. Daga baya ya shiga ƙauyuka yana aiki cikin talakawa, a lokacin da yaƙi tsakanin Sin da Japan yake cin ƙasar. A 1941, da hatsari ya ƙaru, ya aika da matarsa, tana da ciki, tare da ƴaƴansu mata biyu zuwa Kanada, shi kuwa ya tsaya. Bai taɓa ganin ƴarsa ta uku ba. A 1943 sojojin Japan suka tsare shi tare da sauran baƙi a sansanin Weishen, cikin lardin Shandong.

A sansanin nan abinci kaɗan ne, ɗakuna a cushe, mutane suna faɗa kan abu ƙanƙane. Erik ya riƙa ɗebo wa tsofaffi da marasa lafiya ruwa da gawayi, yana koya wa yara kimiyya da lissafi, yana shirya musu wasanni. Da fari ya ƙi yin alƙalancin wasa ranar Lahadi. Samarin suka shirya wasan hoki su kaɗai, wasan ya ƙare da dambe. Lahadin da ta biyo sai ga Erik a fili, yana yi musu alƙalanci. Mutumin da ya bar zinariya saboda Lahadi ya ba da Lahadinsa saboda yaran da suke tsare, waɗansunsu nesa da iyayensu.

Wani zai ce ya karya ƙa'idarsa. Amma a Faris abin da ya bari ribar kansa ce, a Weishen kuwa abin da ya ɗauka nauyin waɗansu ne. Linjila ta nuna Yesu yana warkar da marasa lafiya ran Asabar, masu riƙe doka kuwa suna fushi. Erik ya kiyaye ranar domin Mai ranar, saboda haka ya san lokacin da zai ce a'a da lokacin da ƙauna ta bukaci ya fito fili. Tambayar nan tana gaban kowane mai bi: ɗan kasuwa da ranar kasuwarsa ta faɗo Lahadi, ma'aikaciyar asibiti da aka sa ta aiki ran sujada, manomi da ruwan shuka ya sauka daren Asabar. Amsar ba ɗaya ba ce ga kowa, amma ma'aunin ɗaya ne: domin wa ake yin abin?

Erik ya rasu a sansanin ranar 21 ga Fabrairu, 1945, saboda ƙari a ƙwaƙwalwa, yana da shekara 43, wata shida kafin a ƴantar da waɗanda ke tsare. A 2016, a birnin Riyo, Wayde van Niekerk na Afirka ta Kudu, shi ma daga layin waje, ya yi mita 400 cikin daƙiƙa 43.03. Da su biyun sun yi tsere tare, da an bar Erik a baya da fiye da mita 30. Haka lokutan gudu suke, yau na wannan, gobe na wancan. Amma yaran Weishen, har suka tsufa, abin da suka riƙa faɗa game da shi shi ne yadda ya kula da su.