Jan rubutun nan magana ce

Duk ɗalibin ilimin harsuna da ya kai shekarar rubuta memuwar ya san Praat, manhajar da Paul Boersma da David Weenink suka ƙera a Jami'ar Amsterdam don auna sauti. Da ita nake auna tsawon wasali, in nuna bambancin "gari" na mutane da "gari" na tuwo. Amma kafin a auna sai an girka, kuma a kan Ubuntu nan ne da yawanmu ke cijewa. Ka rubuta sudo apt install praat, sai baƙin allo ya watso maka layuka da Faransanci. Nan take wani zai ce: "A yi mata formate kawai!"

Ƴan uwa, a dakata tukuna. Formate na share komai, har muryoyin tsofaffin da ka sha rana ka ɗauko a ƙauye. Wata tsohuwar ba za ka sake samunta ba.

Abin da na lura shi ne, saƙon kuskure jimla ce, tana da mai aiki da abin da ya hana shi aiki. Kuma kusan guda huɗu ne ke ta maimaituwa.

In ta ce "Impossible de trouver le paquet", sau da yawa jerin kayan da ta sani ne ya tsufa. Sudo apt update ke sabunta shi.

In ta ce "Impossible d'obtenir le verrou", wani aiki ne ya riga ka kama makulli, galibi sabuntawar da ke tafiya da kanta a ɓoye. Mutum biyu ba sa shiga ƙofa ɗaya lokaci guda. Ka sha shayi, ka dawo.

In ta ce "dpkg a été interrompu", to wannan tamu ce: an ɗauke wuta, batir ya mutu ana tsakiyar girkawa. Abin dariya, maganin na rubuce cikin saƙon kansa: sudo dpkg --configure -a. Ta faɗa maka, kai ne ba ka saurara ba.

Ta huɗu, "dépendances non satisfaites", ita ta fi burge ni. Manhaja ba ta tsayawa ita kaɗai, tana jingina da wasu ƙananan fakiti, kamar yadda aikatau ke neman karɓau. In forfe ya ƙare rabi sun sauko rabi ba su sauko ba, sudo apt --fix-broken install kan cike giɓin.

Kuma a fara karatu daga kuskuren farko, don na ƙasa sau da yawa ƴaƴansa ne.

Mu fa muke zama awa biyu kan karin sautin kalma ɗaya. Layi uku na Faransanci bai kamata ya kore mu ba. Sai dai kafin ka taɓa komai, don Allah kwafe rikodinka a kile.