Bangon Da Likita Ya Tsaga Da Gangan

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fatar ɗan Adam ita ce bangon jikinsa, amma akwai majinyacin da likitoci kan tsaga wa wannan bango da gangan, su kuma bar shi a tsage, domin ta nan ransa ke rataye. Shi ne wanda zuciyarsa ta gaji, aka dasa masa ɗan famfo a ƙirji, yana ɗibar jini daga ɗakin hagu na zuciya yana tura shi cikin babbar jijiya.

Famfon nan da lantarki yake aiki, saboda haka wata igiya kan fito ta fatar cikinsa zuwa baturan da yake saɓe da su. Ƙwayoyin cuta, musamman irin da ake kira Staphylococcus, waɗanda ke zaune lafiya a fatar mutane da yawa, sukan bi igiyar nan su manne, su lulluɓe kansu da wani yauƙi wanda magani ke shan wuya kafin ya ratsa. Daga nan sai su gangara cikin jini.

Wani abin kuma, masu gadin gidan ma sun raunana. A 1999 likitocin Jami'ar Kolambiya ta Amurka suka nuna cewa, a jikin masu famfon wancan zamani, wani jinsin fararen ƙwayoyin jini da ke jagorantar yaƙi da cuta yakan mutu tun kwanansa bai ƙare ba. Wani jinsin kuwa sai ya harzuƙa, ya yi ta ƙera makaman da kan sa a sha wahalar samun zuciyar dashe da jikin zai karɓa.

Duk da haka amfanin famfon a fili yake. A wani gwaji da aka bayyana a 2001 kan mutum 129, kashi 52 cikin ɗari na masu famfo sun kai shekara, alhali masu shan magani kaɗai kashi 25 ne. Sai dai cutar da ta shiga jini ita ta fi kashe masu famfon. Dick Cheney, tsohon mataimakin shugaban Amurka, ya rayu da irinsa daga Yulin 2010 har aka yi masa dashen zuciya a Maris na 2012.

Yau famfon ya ƙanƙance, ya ƙara inganci, amma igiyar tana nan. Mai ita ba ya iyo, ba ya nitsa jiki cikin ruwa, yana kuma ɗaure ta kada ta fizgu. In ya ga ja ko mugunya a bakin kafar, ko zazzaɓi ya taso, sai asibiti ba jira. Likita ya gama nasa aiki cikin 'yan sa'o'i. Sauran shekarun suna hannun matar ko ɗan da ke wanke hannu, ya sa safar hannu, ya sake masa bandeji. Allah Ya saka wa masu jinya da alheri, amin.