SAWAN: Watan Da Ya Sa Jaruman Indiya Ke Rawa Cikin Ruwa

Duk wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya, tun zamanin sinima har zuwa na kaset da faifai, kunnensa ya sha jin kalmar nan "Sawan". Tana cikin waƙoƙi, tana cikin sunayen finafinai, irin su Aya Sawan Jhoom Ke na Dharmendra da Asha Parekh (1969), da Sawan Bhadon (1970) wanda ya fito da Rekha, da Sawan Ko Aane Do (1979). Mai kallo zai iya ɗauka sunan wata budurwa ne. To, ba mace ba ce, wata ne.

Sawan, ko Shravan, shi ne wata na 5 a kalandar mabiya addinin Hindu, kuma yakan faɗo tsakanin Yuli da Agusta. Su ma da wata suke lissafi, sai dai kusan duk bayan shekara 3 sukan ƙara wata guda don kada bukukuwansu su kauce wa lokacinsu. Shi ya sa a 2023 Sawan ya zo biyu a jere, har kwana 59.

Kafin zuwansa kuwa ana jin jiki. A watan Mayu zafi a arewacin Indiya kan haura digiri 45. Ruwa kan sauka a jihar Kerala wajen 1 ga Yuni, sannan ya yi ta hawa arewa. Wanda ya kalli Lagaan na Aamir Khan (2001) ya ga yadda ƙauye guda ya zuba wa hadari ido, ana murna, iska ta kwashe shi. Idan Sawan ya kama, ƙasa ta yi kore, hankalin manomi ya kwanta.

A wannan watan ne sabuwar amarya kan koma ganin gida. Ana ɗaura lilo a reshen bishiya, mata su sa korayen kaya, su yi lalle, su yi ta waƙa a bikin da ake kira Hariyali Teej. Wadda mijinta ko masoyinta ya yi nisa kuwa, a lokacin ne bege ke cin ta. Ashe ke nan jarumar da ke kuka cikin ruwa ba don ado kawai darakta ya jiƙa ta ba. Ɗan kallon Indiya na ganin lilo da hadari ya gane inda aka dosa.

Ranar da watan ya cika ake bikin Raksha Bandhan, inda mace ke ɗaura wa ɗan'uwanta zare a hannu, shi kuma ya ba ta kyauta, ya ɗauki alƙawarin kare ta. Chhoti Bahen (1959) ya yi suna a kan wannan, kuma Akshay Kumar ya saki fim mai sunan bikin a 2022. Shi ya sa in budurwa ta ɗaura wa saurayi zaren a fim, zance ya ƙare, ya zama yaya!

Akwai kuma ɓangaren da bauta ce tsantsa. Kowace Litinin ta watan masu bautar Shiva na azumi, wasu su yi tattaki a ƙafa zuwa Haridwar su ɗebo ruwan kogin Ganga. A bikin Nag Panchami kuma macizai ake girmamawa, ana miƙa musu madara. Daga irin wannan imanin labaran macijiya kamar Nagin (1976) da Nagina na Sridevi (1986) suka samo tushe.

A nan ne maganar ta shafi 'yan fim ɗin Hausa. An daɗe ana cacar baki kan kwaikwayon Indiya, amma ba kasafai ake tambayar ma'anar abin da aka kwaso ba. Daraktan da ya jiƙa jarumarsa da ruwan tiyo ya ɗauko rawar, ya baro dalilinta a can. Wani abin ma ibadar mutane ce, ba wasa ba.

Alhali Malam Bahaushe na da tasa damina: ruwan shuka, ƙamshin ƙasa, marka ta Agusta, ɗan cirani da ya dawo noma, matar da ta kwana tana tare ɗigon rufi da kwano. Mai rubuta labarin da ke neman abin da zai taɓa zuciyar 'yan kallo, ya fara leƙa nan kafin ya saka kaset ɗin Indiya.